Biyu Cikin Arba'in

Salamu alaikum, masu karatu. Masu turo mani saƙo cewa mai furfura ba ya da hurumi a labarin soyayya, na ji ku. Ni ma ba da son raina na shiga ba, walicci ne ya jefa ni ciki. Sunana Sammani, dillalin hatsi a kasuwar Batsari shekara talatin da ɗoriya. Ina karanta Hausa in an ba ni lokaci, ina karanta mutum ko ba a ba ni ba. Haka dai nake zato kafin makon jiya. Abin da zan faɗa yau, ko mai ɗakina ba ta ji shi ba.

Nazifa ɗiyar yayana ce, marigayi Mamman, wanda aka harbe a hanyar gonarsa ta wajen Wagini shekarar da abin ya yi tsanani. Yana da wata magana da ba ya gajiya da ita: yarinyar nan ba mai ɗaura mata aure sai ta ajiye takardar ƙarshe a gabana. Da ya tafi, matarsa Yaya Mairo ta riƙe maganar kamar wasiyya, ni kuma aka ɗora mani tsaronta. Nazifa na karatun digiri na biyu a jami'a, ta zo gida da damina da kwamfutarta, tana zama a baranda tun hantsi tana kallonta kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

Mai nemanta Abdulhakim ne, malamin lissafi a wata sakandare a Safana. Ranar da ya fara zuwa gaishe ni, farar shadda ce a jikinsa mai ɗan aiki a wuya, hula ruwan toka, agogo mai baƙar fata. Ya durƙusa, ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwa. Duk ban ga laifi ba sai da na kalli ƙafarsa. Mutum ya taho daga Safana a babur, an kwana ana ruwa, amma takalminsa na sheƙi. Ke nan ya tsaya wani wuri ya goge. Na ce a raina, wanda ya goge takalmi kafin ya shigo, me da me kuma ya goge?

Iyayensa sun aiko cewa za su zo ranar Juma'a ta sama a yi magana. Amsa a bakina take.

Ranar Asabar da hantsi na shiga wurin Yaya Mairo shan kunu. Nazifa na sanye da doguwar rigar atamfa mai zanen ganye, ta yafa ɗan mayafi ruwan goro. Ta miƙo mani wayarta wai in zaɓa wa uwarta leshi cikin hotuna uku, ta tafi sauke kunu. Ni da babban yatsana ba mu san iyaka ba. Na ja, na sake ja, sai ga wani hoto baƙi da toka-toka, abu zagayayye a tsakiya, da ɗigo uku masu haske kamar garwashi.

Na san irin hoton nan. Surukata, matar ɗana, ta kawo irinsa daga asibiti lokacin da take ɗauke da cikin fari.

A ƙarƙashinsa ga hirarta da Abdulhakim. Na bi ta baƙi-baƙi, leɓena na motsi.

Ita: "Ya nuna. Wuri uku."

Shi: "Alhamdu lillahi. Amma kar ki gaya wa kowa tukuna."

Ita: "Tsoro nake ji. In aka matsa mashi zai iya zubewa."

Shi: "Wata nawa ya rage?"

Ita: "Uku. In Baffa ya ji ban san ta inda zan fara mashi bayani ba."

Baffa ni ne. Ta dawo da kofi, na kife wayar a kan tabarma, na ce leshin tsakiya ya fi. Na shanye kunun da zafinsa, ban ji ya ƙona ni ba sai da na kai ƙofar gida.

Ban ce wa kowa komai ba. Na ce zan je bincike Safana, kamar yadda kowane waliyyi ke yi. Amma gaskiya tsakanina da ku, ba bincike na tafi ba, farauta na tafi. Na zuba ƙwayar wake a aljihun dama. Duk wanda na tambaya, sai in mayar da ƙwaya ɗaya aljihun hagu. Kwana uku ina sammako, ina juyowa kafin la'asar saboda hanya. Na tambayi liman, na tambayi ladan, na tambayi mai gadin makaranta, mahauci, tela, 'yan acaɓa, tsohuwa mai ƙosai, har da wani da na tarar yana ɗaure jaki bai ma san wanda nake nufi ba sai da na kwatanta. Yana salla? Yana shan wani abu? Ya taɓa aure? Yana da faɗa? Me ya kashe kakansa?

Wake arba'in suka koma hagu. Talatin da takwas suka ce yaron kirki ne, na ji haushinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai wani mai faci ya ce ya taɓa ganinsa da mace a bayan babur, sun yi hanyar Dutsin-Ma. Wani mai shayi kuma ya rage murya ya ce ya ji an ce ba haka kawai ya baro makarantar da ya fara koyarwa ba. Waɗannan biyun na naɗe na kawo gida kamar wanda ya tsinci zinariya.

Ranar Talata bayan la'asar na sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yaya Mairo na tsince shinkafa a faranti, Nazifa ta zauna gefe ta tanƙwashe ƙafa. Na zayyana masu maganar mai faci da ta mai shayi.

Yaya Mairo ta ce, "Ƙanne mata huɗu gare shi, Sammani. A ka zai ɗauke su?"

"Ban gama ba, Yaya. Nazifa, buɗe wayarki. Nuna wa uwarki hoton nan mai ɗigo uku."

Ta ɗago ta dube ni. Ta buɗe, ta miƙa wa uwarta, ko a jikinta. Na ce a raina, lallai ido ya bushe.

"Faɗa mata mene ne," na ce.

"Kai ne, Baffa."

"Na san kai ne. Ai shi ke fara fitowa."

Farantin ya tsaya a hannun Yaya Mairo. Nazifa ta dubi hoton, ta dube ni, na ga lokacin da abin ya isa gare ta. Na zaci kuka za ta yi ko dariya. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ƙwaƙwalwa ce," ta ce a hankali. "Ta manya. Mutum talatin aka haɗa a hoton nan. Aikina ne na makaranta. Abin da ka zata da ni ke nan, Baffa? Kwana huɗu kana kallona da shi?"

Masu karatu, an taɓa kama ni da abubuwa a kasuwa, ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Yaya Mairo ta ajiye faranti ta ce, "Da yayanka na nan, da yau sai ya kore ka har ƙauyen Karare." Na ce a gafarce ni, ido ne ya ga abu. Ta ce, "Ido ko zuciya?"

Amma ni ba a kayar da ni da faɗuwa ɗaya. Na ce to, in aikin makaranta ne, mene ne zai zube? Mene ne kar a gaya wa kowa?

Nazifa ta tashi ta ɗauko kwamfutar, ta ajiye a gabana. Har yanzu ba ta kallon fuskata. Ta ce akwai wata na'ura a babban asibiti da ake shigar da mutum kwance, ta ɗauki hoton cikin kansa ba tare da an tsaga ba. Ta nemi mutum talatin daga ƙauyukanmu, waɗanda suka kwana a daji, suka ji harbi a kan kunnensu, har yau ba sa barci. Ta nemi wasu talatin da ba su ga komai ba. Tambayarta guda ce: tsoro yana barin tabo a ƙwaƙwalwa, wanda za a iya nunawa?

Ban tambaye ta dalilin da ya sa ta zaɓi wannan ba. Duk mun sani.

"Kwamfuta na yanka hoton gida-gida," ta ce, "kamar ramukan dara, amma wajen dubu ɗari. A kowane gida tana tambaya: mutanenmu sun bambanta da waɗancan a nan? Matsalar ita ce, ko da babu bambancin komai, in aka bi ƙa'idar da aka saba, gida ɗaya cikin ashirin zai haska haka kawai. Sa'a ce, kamar ƙuri'a."

"Ƙarya na'urar ke yi ke nan."

"Ba ƙarya ba ce. Yawan tambaya ne. In ka yi tambaya ɗaya, da wuya sa'a ta ruɗe ka. In ka yi dubu ɗari, gida dubu biyar za su haska ko da kan kabewa ka saka. Shi ya sa ake tankaɗewa. Na sa rariya ta farko, wuri uku suka rage, su ne ka gani. Amma wanda ya yi tambaya da yawa, dole rariyarsa ta fi ƙananan ido. Jiya na sa ta biyun."

"Sai me?"

"Sun zube. Duka ukun."

Sai a lokacin ta dube ni sosai. "Baffa, mutum nawa ka tambaya a Safana?"

Na shafa aljihun hagu. Na ce arba'in.

"Nawa suka faɗi aibu?"

"Biyu."

Yaya Mairo ba ta yi boko ba, amma ta riga ni. "Ɗaya cikin ashirin ke nan," ta ce, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Na ce, "Wato mai faci da mai shayi maƙaryata ne."

"Ban ce ba. Wataƙila gaskiya suka faɗa. Abin da na ce shi ne ba ka da hanyar sani. Je ka tambayi mutum arba'in a kan liman, za ka samu biyu."

Abin ya taɓo wani wuri da na sani. Muna da wani ƙarfe mai rami da muke soka wa buhu a ga abin da ke ciki. Mai gaskiya sau biyu yake sokawa, sama da ƙasa, ya yanke hukunci. Amma in kana son karya wa manomi kaya, sai ka yi ta soka, nan, can, gefe, gindi, har ƙwaro ɗaya ya faɗo tafinka, ka ɗaga shi sama kowa ya gani. Babu buhun waken da ba ya da ƙwaro ɗaya. Na yi wannan ba sau ɗaya ba. Armaya'u mai awo, wanda ya yi shekara ashirin yana riƙe mani bakin buhu kafin mu ɓata bara, shi ya san adadin. Ya san ma wani mudu nawa da aka ɗan bubbuga wa gindi. Wannan ban faɗa a tsakar gida ba.

"To yaya ake yi?" na tambaya.

"Ka yanke tambayarka tun kafin ka fita. Guda ɗaya. Ka faɗa wa shaida, ka faɗi amsar da in ka ji za ka ƙi, da wadda in ka ji za ka yarda. In ka dawo ba ka da damar canzawa."

Na koma kan ɗigon nan uku. Na ce yanzu da suka zube, karatun fa? Ta ce in da sun tsaya, wata uku ya rage ta gama. Yanzu kuwa ba za ta ce akwai tabo ba, ba kuma za ta ce babu ba, don mutum talatin sun yi kaɗan a yanke. Malamarta ta ce sai an ƙara mutane. Shekara guda, in hanya ta yi kyau.

"In kika tsaya a rariyar farko, wa zai sani?"

"Da yawa a nan suke tsayawa, kuma ana karɓa."

"To?"

"Ni zan sani, Baffa. Ba wanda ya kai ni son abin nan ya zama gaskiya. Shi ya sa ban yarda da kaina ba."

Ta rufe kwamfutar ta shige ɗaki.

Da ta tafi na matsa kusa da Yaya Mairo. Na ce ga tambayata, ki zama shaida. Gobe zan je in sami yaron nan. Zan ce mashi ya lallashe ta ta tsaya a rariyar farko, ta gama cikin wata uku, ni kuma in ba shi ita ranar Juma'a a sa rana. In ya karɓa, ba ni ba shi, ko duk Safana ta yi mashi shaida. In ya ƙi, na ba shi, ko mai shayi ya zo da Alƙur'ani.

Ta ce, "Ka tabbata? In ka dawo ka fara cewa amma takalminsa, da muciya zan bi ka."

Na ce na tabbata.

Laraba da hantsi na same shi a makaranta lokacin hutun tara, ƙarƙashin bishiyar bedi. Alli ya ɓata mashi hannun riga, takalmin nan kuwa ya yi buɗu-buɗu, har na ɗan ji sanyi. Ya ba ni kujera, ya tsuguna. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan na sauke murya irin yadda nake yi wa manomi in zan saye shi.

"Malam, ni ba na son jan magana. Kana son yarinyar nan?"

"Ina so, Baba."

"Ka san sharaɗin ubanta. Ka kuma san abin da ya zube."

"Na sani."

"Tana jin maganarka. Ka ce mata ta bar abin a rariyar farko. Ba sata ba ce, kowa haka yake yi, ita da bakinta ta faɗa. Wata uku ta gama, bayan girbi a ɗaura. In ba haka ba shekara guda, kuma ka san shekara a ƙasar nan. Akwai wani ɗan kwangila ma da ya fara aiko mani da gaisuwa."

Babu wani ɗan kwangila. Gishiri ne na ƙara.

Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza guntun alli a yatsunsa. Aka buga ƙararrawa bai motsa ba. Can ya ce, "Na ji, Baba. Zan yi magana da ita."

Shi ke nan. Na hau babur ina cewa a raina, ka gani ko, Sammani, hancinka bai taɓa yi maka ƙarya ba. Sai dai abin mamaki, ban ji daɗin ba. Tun daga Safana har Batsari ina tunanin yadda zan kalli yarinyar nan karo na biyu cikin mako guda in ce mata ga abin da na samo.

A zaure na tarar da ita, tsaye, da hijabi ruwan ƙasa har ƙasa, waya a hannu. Yaya Mairo na bayanta.

"Baffa, me ka je ka ce?"

Ta miƙo wayar. Na bi baƙi-baƙi.

"Baffanki ya zo makaranta. Babba ne, ban iya musa mashi ido da ido ba. Kar ki taɓa rariyar nan, ko wa ya ce. Shekara ɗaya zan jira, biyu ma zan jira."

Na karanta sau biyu. Na dubi Yaya Mairo, ta ɗaga gira. Na ce, "Na ba shi." Ban ƙara amma ba, ko da yake tana bakina. Yaya Mairo ta yi wa ɗiyarta bayanin yadda muka yi. Nazifa ta saurara, ta sunkuyar da kai, na ga gefen bakinta ya motsa. Karon farko ke nan tun ranar Talata.

Sai wayar ta yi ƙara a hannuna. Wani saƙon ne.

"Na faɗa wa mahaifina Alhaji abin da Baffa ya nema, don ba na ɓoye mashi komai. Ransa bai yi daɗi ba. Ya ce ɗiya ba ta da laifi, amma kafin su taka ranar Juma'a sai ya san hannun da zai karɓi aure daga gare shi. Gobe ranar kasuwa zai aika Batsari a tambayi halin waliyyinki."

Na ce, "Yaya, ai ke shaida ce. Gwaji ne."

"A kan tambayarka ni shaida ce," ta ce. "A kan shekara talatin ɗinka a kasuwa, nemi wani."

Na yi lissafi da sauri. In arba'in suka tambaya, wasu za su yabe ni, wasu su zage ni, ni kuma yanzu na san abin da zan ce: yawan tambaya ne, sa'a ce, je ku tambayi ɗiyata. Na miƙa mata wayar.

"Tambaye shi mutum nawa za su tambaya."

Ta rubuta. Muka tsaya mu uku a zaure muna kallon abu ɗaya. Amsa ta shigo, ta karanta a ranta tukuna, sannan ta ɗago.

"Ya ce ɗaya. Alhaji ya riga ya yanke tun kafin a fita."

"Wa?"

"Wai wani Armaya'u mai awo."

Na gyara zaman hulata. Na dubi rana, da sauran lokaci kafin magariba, gidan Armaya'u kuma ba nisa, bayan masallacin Juma'a ne. Na tambayi Yaya Mairo ko akwai sauran farin goron nan mai kyau a gidan, wanda ake kai wa mutum in an daɗe ba a gaisa ba.

Nazifa ta matsa ta tsaya a bakin ƙofar zaure.

"Baffa," ta ce, "kar ka taɓa rariyar."